GINA ƘARAMAR DUNIYAR JIRGIN ƘASA: NISHAƊI, ILIMI DA ADANA TARIHIN GIDA

Jawabin da aka gabatar a zaman ilimi na taron shekara-shekara na ƙungiya



Gabatarwa

Da farko ina miƙa godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar ba ni wannan dama. An saba a irin wannan zama a yi magana kan makaranta, asibiti, ruwan sha ko takin zamani. Yau kuwa batun da zan gabatar shi ne wani aikin sha'awa da ya yi fiye da shekara ɗari ana yin sa a Turai da Amurka da Japan, wato gina ƙaramin layin dogo a kan tebur, da tasharsa da gidajensa da gonakinsa da duwatsunsa, sannan a ɗora masa ɗan jirgi mai tafiya da lantarki. Na san akwai wanda zai ce a ransa: ashe wasan yara aka tara mu mu saurara? Ina roƙon a yi mini haƙuri zuwa ƙarshe, domin a cikin wannan wasa akwai lissafi, akwai kafinta da aikin waya, akwai kuma wata hanya ta riƙe kamannin gari kafin zamani ya shafe su.

Asalin wannan aiki

Tun lokacin da jirgin ƙasa ya bazu a Turai a ƙarni na 19 ake ƙera wa yara ƙananan jirage na katako da na gwangwani. Abin ya sauya salo a shekarar 1891, sa'ad da kamfanin Märklin na garin Gofingen a Jamus ya fito da jirgi mai wani tare da guntayen dogo da ake harhaɗawa, kuma ya tsayar da faɗin dogon a kan ma'auni sananne. Daga nan wanda ya sayi jirgi bana zai iya ƙaro tarago ko dogo baɗi, su dace da juna. A Amurka an kafa kamfanin Lionel a 1900, ya shahara da jirage masu lantarki. A Ingila kuma Frank Hornby na birnin Libaful ya fara sayar da nasa jiragen a 1920.

Sannu a hankali iyaye suka karɓe wasan daga hannun 'ya'yansu. An kafa kulob na masu wannan sha'awa a Landan tun 1910. A Amurka mujallar Model Railroader ta fara fitowa a 1934, a shekarar da ta biyo baya kuma masu aikin suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin da suka sa kayan wannan kamfani ke tafiya a kan dogon wancan. Ku lura da wannan, 'yan'uwa: mutane ne masu zaman kansu, likitoci da malamai da leburori, suka haɗu suka tsara wa kansu doka, har kamfanoni suka bi.

Ma'auni shi ne ginshiƙi

Abin da ya raba wannan aiki da wasan yara shi ne ma'auni. Duk abin da za a ɗora a kan teburin, daga kan jirgi har zuwa akuya, dole a rage girmansa da adadi guda. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake kira HO, inda ake raba girman kowane abu gida 87. Faɗin dogon da akasarin ƙasashe ke amfani da shi milimita 1,435 ne. In aka raba shi gida 87 sai a sami milimita 16.5, wanda shi ne faɗin ɗan dogon HO. A wannan ma'auni mutum mai tsawon mita 1.74 zai koma santimita 2, zaure mai tsayin mita 4 zai koma santimita 4.6, kuka mai tsayin mita 15 kuma ba za ta wuce santimita 17 da ɗoriya ba.

Akwai wasu ma'aunai. Turawan Ingila sun fi son OO, mai rabo 76, wanda shi ma ke tafiya a kan dogo mai milimita 16.5. Masu ƙarancin wuri suna ɗaukar N, mai rabo 160 da dogo mai milimita 9. Wannan ya sami karɓuwa ƙwarai a Japan inda gidaje ke da ƙunci, ko da yake su rabo 150 suka fi amfani da shi. A 1972 Märklin ya fito da Z, mai rabo 220, wanda za a iya shimfiɗa shi a cikin akwatin hannu. Masu fili kuwa suna kafa manyan jirage a lambu, a kan dogo mai milimita 45.

Nan akwai abin da ya shafe mu. Tsohon dogon Nijeriya ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067, irin na Afirka ta Kudu da Niyu Zilan da yawancin layukan Japan. Sabbin layuka ne, kamar na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, suke da milimita 1,435. Saboda haka mai son ya kwaikwayi tsohon jirginmu daidai wa daida yana da zaɓi biyu: ko ya tsaya a rabo 87 ya nemi dogo mai milimita 12, ko ya ɗauki rabo 64 ya yi amfani da dogo mai milimita 16.5 wanda ya fi sauƙin samu. Hanya ta biyu ita ce masu wannan sha'awa a Niyu Zilan suka daɗe suna bi.

Ma'auni bai tsaya ga girma kaɗai ba. Jirgin da ke gudun kilomita 60 a awa, in aka mayar da shi HO, santimita 19 kacal zai ci a daƙiƙa guda. Wanda ya sake shi yana sheƙa gudu kamar ɓera ya ɓata kamannin. Haka kuma kilomita ɗaya na neman tebur mai tsawon mita 11 da rabi, abin da ba kowane ɗaki zai ɗauka ba. Don haka magina suke taƙaitawa: su zaɓi gine-ginen da suka fi nuna kamannin wuri, su matso da su kusa, su bar sauran.

Yadda ake ginin

Aikin yana farawa da takarda da fensir. Maginin zai yanke shawarar wurin da yake son nunawa, da shekarar, har da lokacin shekara, damina ce ko kaka ko rani. Sai ya zana hanyar dogo. Masu farawa a Amurka sun saba da falankin katako mai ƙafa 4 a faɗi da ƙafa 8 a tsawo, domin yana ɗaukar kwana mai inci 18 daga tsakiya, wadda ita ce mafi ƙanƙantar kwanar da galibin jiragen HO ke sha ba tare da sun goce ba. In dogon zai hau tudu, ana so hawan ya tsaya wajen santimita 2 a kowane santimita 100, in ya zarce haka da yawa kan jirgin zai kasa jan taragai.

Bayan kafinta ya haɗa teburi mai ƙarfi, sai a shimfiɗa dogo, a ja waya. A tsarin da aka daɗe da shi, lantarki mai ƙarfin bolt 12 ne ke bi ta ƙarafan dogon guda biyu ya shiga ɗan injin ta ƙafafun jirgin. In aka ƙara wuta jirgi ya ƙara gudu, in aka juya wayoyin ya koma da baya. A shekarun 1990 aka tsayar da sabon tsari, inda ake sa wa kowane kan jirgi 'yar na'ura mai lambarta, ta yadda jirage da yawa za su hau dogo ɗaya kowanne yana bin umurninsa dabam, har da kukan inji da busar usur.

Sai kuma ɓangaren da ya fi jan hankalin masu kallo, wato ƙasa da abin da ke kanta. Ana tayar da tudu da kwari da ragar waya, ko da yankakken kwali, ko da farin soson nan da ake tallafe rediyo da talabijin da shi a cikin kwalinsu. Sai a lulluɓe da tsumma ko takarda da aka tsoma a kwaɓaɓɓen filasta, a bari ya bushe, a shafa fenti mai launin ƙasa. Tsakuwar da ke ƙarƙashin dogo ana zuba ta a bushe, a daidaita ta da ɗan buroshi, sannan a ɗiga mata farin gam da aka sirka da ruwa, tare da ɗigon sabulun ruwa domin gam ɗin ya ratsa ba tare da ya ture tsakuwar ba. Ciyawa ana yin ta da garin katako da aka rina, ko da wasu ƙananan zaruruwa da ake sayarwa domin haka. Itace kuwa, sai a murɗa siraran wayoyi su zama gindi, a warware ƙarshensu su zama rassa, a manna musu niƙaƙƙen soso a matsayin ganye. Ruwan kogi fenti ne mai duhu a ƙasa, da mai ƙyalli a sama. A bayan teburin ana kafa allo a zana sararin sama, kuma akan ƙanƙanta gidajen da ke can baya fiye da na gaba domin ido ya ga kamar suna da nisa.

Mataki na ƙarshe shi ne tsufantarwa. Sabon tarago mai sheƙi ba ya kama da na gaskiya. Sai an shafa masa tsatsa da ƙura da baƙin hayaƙi, an dusashe fentin kwanon rufi, an sa zanen da ruwan sama ya bari a jikin bango. Gwanintar magini a nan take fitowa, domin ba ya iya wannan sai wanda ya koyi kallon abin da ke kewaye da shi da idon basira.

Wasu misalai daga ƙasashen da aikin ya kafu

A birnin Hambug na Jamus, tagwaye biyu, Frederik da Gerrit Braun, sun buɗe Miniatur Wunderland a 2001 a cikin wani tsohon sito na bakin tashar jiragen ruwa. Yau shi ne mafi girman irinsa a duniya, yana da dogo fiye da kilomita 15 da jirage sama da 1,000, da filin jirgin sama da aka ƙara a 2011 inda ƙananan jirage ke tashi da sauka. Duk minti 15 dare yana yi gari yana wayewa. Fiye da mutum miliyan ɗaya ke biyan kuɗi su shiga kallo a shekara, kuma ɗaruruwan ma'aikata ke cin abinci a wurin.

A Amurka ana tunawa da John Allen na garin Montare a Kalifoniya, mai ɗaukar hoto, wanda ya shafe kusan shekara ashirin yana gina duwatsu da gadoji a ƙarƙashin gidansa, shi ne kuma ya yaɗa dabarar tsufantarwa. Ya rasu a watan Janairun 1973, bayan kwana goma gobara ta cinye aikin. Akasarin abin da ya rage shi ne hotunan da aka ɗauka. Mawaƙin nan na Birtaniya, Rod Stewart, shi ma ya yi shekara 23 yana gina wani birni irin na Amurka a shekarun 1940, wanda ya nuna wa duniya a 2019.

A jami'ar MIT ta Amurka ɗalibai sun kafa kulob na ƙananan jirage a 1946. Wani rukuni daga cikinsu ya duƙufa a ƙarƙashin tebur yana sarrafa sigina da tsofaffin kayan wayar tarho. Daga cikin waɗannan ne aka sami wasu daga farkon gwanayen rubuta manhajar kwamfuta, har da waɗanda suka sa hannu a ɗaya daga cikin wasannin kwamfuta na farko a 1962.

Misalin da na fi so mu riƙe shi ne na Roye England, ɗan Ostireliya da ya isa Ingila a 1925. Ya zauna a wani yanki na karkara, ya ga ana yaye rufin ciyawa na tsofaffin gidaje ana sa na zamani, ana rushe wasu gaba ɗaya. Sai ya ɗauki abin awo da littafi da kyamara, yana bin ƙauyuka a kan keke yana auna gidaje. A 1931 ya fara gina su da kwali a ma'aunin rabo 76, har rufin ciyawar ya kwaikwaya da gashin mutum. Aikin ya zama gidan tarihi na Pendon a 1954. Shi ya rasu a 1995, amma masu aikin sa-kai sun ci gaba. Da yawa daga gidajen da ya auna sun sauya kama ko sun ɓace, sai a kan teburinsa kaɗai ake ganin yadda suke a shekarun 1920 da 1930.

Ina ruwanmu da wannan?

Ruwanmu a ciki yana da yawa. Da fari dai, jirgin ƙasa yana cikin tarihin Arewa dumu-dumu. An fara shimfiɗa dogo daga Baro a 1907, ya isa Kano a 1911, a shekarar da ta biyo baya kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Layin Zariya zuwa Kaura Namoda, wanda ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kammala a 1929, na Kano zuwa Nguru a 1930, na Maiduguri kuma a 1964. Akwai ma ɗan siririn dogon da ya haɗa Zariya da Jos domin kuza, wanda aka rufe a 1957, kuma 'yan kaɗan ne daga masu rai suka taɓa ganin sa. Dalar gyaɗa ta Kano, da kasuwannin auduga, da unguwannin Sabon Gari, duk dogo ne ya raine su. Garinmu ma yana cikin waɗanda dogo ya ratsa, kuma dattawan da ke zaune a nan sun san yadda tasha take cika ranar da jirgi zai iso.

Na biyu, hannun ba baƙo ba ne a wurinmu. Wane ne a cikinmu, daga masu shekara arba'in zuwa sama, bai ƙera motar kara ko ta langalanga ba? Mun feƙe kara mun yi gingimari, mun yanka tsohon silifa mun yi taya, mun buɗe gwangwanin madara mun yi bodi. Abin da ya rage mana shi ne ma'auni da kuma dagewa bayan an girma. Mu da muke birni mu tambayi kanmu: yaushe rabon da mu ga ɗanmu ya ƙera wani abu da hannunsa? Yawancinsu daga makaranta sai waya da talabijin. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya raba tsawon zaure gida 87 ya fahimci darasin rabo fiye da wanda ya haddace shi a allo, wanda kuma ya nemo dalilin da ya sa jirginsa ya tsaya a kan kwana ya fara koyon aikin injiniya.

Na uku, kamannin garinmu suna tafiya. Soraye masu zankwaye suna faɗuwa ana maye su da bulo, rumbuna suna ƙaranci, tsohon ginin tasha yana lalacewa. 'Ya'yanmu da aka haifa a Legas ko Abuja ba su san garin da muke ba su labari ba. Gani kuwa ya kori ji.

Shawarwari ga ƙungiya

Ina ba da shawara ƙungiya ta ɗauki nauyin gina samfurin tasharmu da kewayenta kamar yadda suke a wajen 1960, a bisa waɗannan matakai.

Na ɗaya, a fara da tattara bayani tun yanzu. A kafa ƙaramin kwamiti ya auna abin da ya rage na ginin tasha, bayan neman izinin hukumar da ke kula da shi, ya ɗauki hotuna, ya zauna da tsofaffin ma'aikatan reluwe da 'yan dako da matan da suka yi talla a bakin jirgi, a naɗi muryoyinsu. Wannan mataki shi ne ba ya jira, domin masu labarin suna raguwa kowace shekara.

Na biyu, kada tsadar kaya ta tsorata mu. Kan jirgi da dogo ne ake sayowa daga waje, kuma 'yan'uwanmu da ke ƙetare za su iya ɗaukar wannan. Sauran duk muna da su: kwali, kara, waya, garin katako, gam da fenti. Ƙasar garinmu ma ita za a tankaɗe a shanya a yi amfani da ita, sai dai a bi ta da maganaɗisu a cire ɓurɓushin ƙarfe don kada injin jirgi ya zuƙe shi. Za a iya ma fara ginin ba tare da jirgi mai motsi ba, a ƙara shi daga baya. Wutar da ake buƙata kaɗan ce, batir da ƙaramin faifan hasken rana sun wadatar. Wanda kuma yake da damuwa game da siffofin mutane da dabbobi, aikin yana tsayuwa da gine-gine da itatuwa da jirgi kaɗai.

Na uku, a raba aikin gunduwa-gunduwa. Masu wannan sha'awa a ƙasashen waje suna da tsarin da kowa ke gina nasa yanki a gida a kan awo ɗaya, ranar taro a jona su su zama layi guda. Reshen Kano ya ɗauki tasha, na Kaduna ya ɗauki kasuwa, na Abuja ƙofar fada, na Legas gada da fadama. Sharaɗi ɗaya shi ne kowane reshe ya sa yara da matasa a gaba, maza da mata, manya su tsaya a matsayin masu nuni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, a tanadi wurin ajiya, ko a ɗakin karatu na gari ko a ɗaya daga makarantunmu, a cikin akwatin gilashi saboda ƙurar hunturu, a kuma yi wa katakon maganin gara. A ɗauki hoton kowane mataki a adana, kada abin da ya sami aikin John Allen ya same mu ba mu da ko shaida.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwa, ban ce wannan aiki ya sha gaban rijiya ko aji ko ɗakin haihuwa ba. Kuɗin da zai ci kaɗan ne idan aka kwatanta da waɗancan, abin da ya fi nema shi ne lokaci da haƙuri. Roye England mutum ɗaya ne da keke da abin awo, mu kuwa ƙungiya ce mai injiniyoyi da magina da kafintoci da malaman tarihi. Ina fata kafin mu tashi daga wannan taro za a sami mutum biyar da za su ba da sunansu ga sakatare domin kwamitin tattara bayani, su fara zama da dattawa tun a wannan hutu, ta yadda a taron baɗi kowane reshe zai zo da yankinsa a hannu.